Kamun ƙafa tun kafin a rubuta doka: shawara ga masu karnuka a Kano

Bara waccan da damina saura ƙiris karyata ta sa in tashi daga unguwarmu. Yaron da yake ba karnukan gidan abinci ne ya bar ƙaramar ƙofar get a buɗe bayan magariba, ta leƙo waje, yara suka gan ta suka sa ihu suna jifa, ita kuma ta bi ɗaya daga ciki ta kafa masa haƙori a ƙwauri. Kafin a kira isha'i layinmu ya cika maƙil har da masu gora. Allah ya taimake ni na tuna abin da likitan dabbobi ya taɓa faɗa min, na ja yaron bakin famfo na yi ta wanke wurin da sabulu ruwa na zuba wajen minti 15, sannan muka sa shi a adaidaita sai asibiti. Muna dawowa aka ce mai unguwa na kira.

Na shiga zaure na durƙusa na ce ranka ya daɗe laifina ne, ga katin allurarta. Ya karɓa ya haska da fitilar waya yana jujjuya shi, ya miƙa wa ɗansa ya karanta masa kwanan wata, wata huɗu kenan da yi mata allurar haukan kare. Ya ce to ɗan nan, ka ɗaure ta kwana 10 a gani, kuɗin magani kuma a wuyanka. Na ce na ji na karɓa. Sai wani dattijo daga gefe ya gyara murya ya ce, Allah ya ja da ran mai unguwa, ni a ganina a rubuta wa ciyaman takarda kawai a hana ajiye kare a unguwar nan gaba ɗaya kowa ya huta. Wallahi kaf zauren aka hau gyaɗa kai. A layinmu kaɗai gida biyar ne ke da kare, na san su sun san ni, amma ko mutum ɗaya bai leƙo ba, kowa ya ja get ɗinsa ya kashe fitila.

Takardar dai ba a rubuta ba, mai unguwa ya danne maganar, yaro ya warke, karya ta cika kwana gomanta lafiya lau tana cin abinci. Amma na kwana ina tunanin da an rubuta ɗin fa, wa zai je sakatariya ya yi magana da yawunmu? Babu. Daga nan muka fara zama mu 'yan kaɗan, to abin da muka koya ne zan zayyano, wanda zai kafa ƙungiyar masu karnuka irin tamu a yankinsa ya ɗauki na ɗauka.

Farko dai kar ku jira sai kun ji ana shirin doka. Duk wanda ya zauna a Kano ya san yadda ake hana abu a garin nan, ba a shekara ana nazari, abu ɗaya ne zai faru ran jama'a ya ɓaci washegari sai sanarwa a rediyo. A watan Janairun 2013 aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, 'yan kwanaki kaɗan gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni da kewaye, mai laifi da marar laifi duk aka haɗa, mai iyali ya wayi gari ba sana'a. Masu dawaki ma sun sha jin sanarwar hana kilisa saboda aikin wasu tsiraru. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Ingila bayan hare-haren wani jinsin kare da ake ce wa XL Bully, Firaministan lokacin Rishi Sunak ya fito a Satumban 2023 ya ce za a hana shi, zuwa 31 ga Disamba an hana sayarwa da haɗa shi barbara, daga 1 ga Fabrairun 2024 kuwa ajiye shi ma laifi ne in ba ka da takardar izini ta musamman. Wata biyar bai cika ba aka gama komai, masu karnukan sun je kotu amma hanin na nan. A birnin Denba na Amurka an hana jinsin karen da ake ce wa fitbul a 1989, sai a Nuwamban 2020 aka janye ta hanyar ƙuri'ar jama'a, shekara 31 kenan. Ka ga shigar doka sauƙi ne da ita, fitarta ce aiki. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai ka san abin yi.

Sai sanin wa ke riƙe da wuƙa da nama, don da yawa za su ce a tafi Abuja, ko a nemi ganin gwamna. A'a. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu inda aka jero ayyukan ƙaramar hukuma, ya ambaci kula da yadda ake ajiye dabbobin gida irin su kare da kyanwa da yadda ake yawo da su. Ma'ana kansiloli na iya zama su yi ƙaramar doka a kan karenka ba tare da ta bi ta majalisar jiha ba. Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, takwas ne suka haɗa birni da kewaye: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kowacce na iya yin tata, har ya zama abin da ya halatta a Tarauni laifi ne in ka tsallaka titi ka shiga Kumbotso. A samansu akwai majalisar dokokin jiha mai mambobi 40, ita ce ke iya yin dokar da za ta hau kan kowa. Ta tarayya kuwa ita ce dokar cututtukan dabbobi da aka sabunta a 2022 ta maye gurbin ta 1988, wannan ta fi shafar masu shigo da karnuka daga waje da sha'anin annoba. Akwai kuma tsohuwar dokar karnuka tun ta zamanin Turawa a shekarun 1940 mai maganar lasin da haukan kare. Ku sa lauyanku ya nemo muku duk waɗannan ya karanta muku a taro, kar ku je gaban ɗan majalisa ya fi ku sanin dokar da ke kanku, abin kunya ne.

Yanzu tara mutane, nan ne muka fara yin kuskure. Zamanmu na farko duk masu karnukan waje irin su Jaman Shefad da Rotwaila ne, 'yan Nassarawa GRA da Bompai da Hotoro, aka sha lemo aka yi ta nuna hotunan kwikwiyo a waya ana tambayar nawa ka sayo ubansa. Mutum goma sha wani abu. Wane ɗan siyasa ne zai tashi daga barci saboda mutum goma sha da ke da katanga mai waya a sama? Masu karnuka na gaskiya a jihar nan mafarauta ne, da masu gadin masana'antu a Sharaɗa da Challawa, da masu gidajen gona da gidajen kaji a bayan gari, da makiyaya, da 'yan'uwanmu mazauna Sabon Gari da Badawa, ga masu horar da kare da masu sayar da abincinsa da maganinsa. Waɗannan su ne yawan, su ne kuma ƙuri'ar.

Da muka je wajen wani tsohon mafarauci a bayan gari muka same shi a gindin darbejiya yana cire wa karensa kaska da hannu, karnuka shida kwance kewaye da shi ko ɗaya bai yi mana haushi ba. Na ce Baba mun zo ne a haɗa kai. Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce yaro, ku da karenku ke cin kaza mu da namu ke kamo mana zomo, ina muka haɗu? Na ce Baba ranar da za a hana ba za a tambayi me kare ya ci ba. Ya yi dariya ya ce a kawo mana tabarma. In za ku je irin wannan wuri ku bi ta hannun shugabanninsu, su Sarkin Dawa da Sarkin Baka, da goronku, kuma in an zo rabon muƙami a ba su kujera ta gaske ba ta ado ba. Kar wanda ya kuskura ya raina karen Hausa a gabansu.

Ku buɗe littafi, babban littafi na rajista ba guruf ɗin WhatsApp kaɗai ba. Sunan mutum, lambar waya, unguwa da mazaɓa, kare nawa, na gadi ne ko na farauta ko na kiwo, yaushe aka yi masa allura. Layin mazaɓar nan kar a tsallake shi, shi ne ranar da za ku zauna da kansila za ku iya ce masa a mazaɓarka kaɗai muna da gida kaza.

Rajistar gwamnati ba ta da wuya sosai. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa damar kafa ƙungiya don kare muradinsa, amma in kuna son asusun banki da sunan ƙungiya da takarda mai kan suna da ofis zai karɓa, sai kun je CAC, hukumar rajistar kamfanoni, an yi muku rajistar amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za a nemi tsarin mulkin ƙungiya, da bayanin taron da aka zaɓi amintattun, a buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko akwai mai ja. Ku ba lauya ya yi. Kuɗin wata a sa kaɗan yadda mai gadi zai iya biya, rasit ga kowa, cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, don ƙungiyoyin garin nan ba gwamnati ce ke kashe su ba, ma'aji ne da ciyaman. Suna kuma ku yi tunani a kai. In kuka ce ƙungiyar masoya karnuka kun gama da kanku tun a bakin ƙofa, wani zai ce 'yan boko ne masu kwana da kare a gado. Sunan ya nuna gadi da farauta da rigakafi, abin da Bakano zai ji ya ce eh wannan da amfani.

To ga inda maganar take da ɗaci. Ba za ku je neman haƙƙi gidanku da datti ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ƙyamar da ake yi mana ba duka ce ta rashin sani ba, akwai wanda ke sakin kare da dare ya hana masu zuwa asuba wucewa, akwai mai wanke kejinsa ruwan ya bi kwata ya tsaya a ƙofar maƙwabci, akwai samarin da ke jan kare a lungu don tsorata 'yan mata da 'yan makaranta, ga 'yan daba da suka mayar da shi makami, ga masu haɗa su faɗa ana caca. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ku rubuta dokar kanku tun kafin a rubuta muku, kowa ya sa hannu: allurar haukan kare daga wata 3 sannan duk shekara da kati a hannu, ba fita sai da sarƙa, mai zafi da takunkumi a baki, ba wucewa ta ƙofar masallaci ko makarantar allo lokacin da jama'a ke wurin, ba sayar da kwikwiyo kafin ya yi sati 8 kuma ba sayarwa ga yaron da babansa bai sani ba. Masu kiwo don sayarwa su daina tara karya biyar a ɗaki ɗaya ba iska a zafin Afrilu. Wanda ya karya a ja masa kunne, ya sake a kore shi a kuma sanar da mai unguwarsa an kore shi. Ranar da kuka kori mutum na farko ranar za a fara ɗaukarku da gaske. A Amurka babbar ƙungiyar masu karnuka, AKC, wadda aka kafa tun 1884, tana da sashe guda da ba ya aikin komai sai bibiyar dokoki, amma masu rajin kare dabbobi sun sha zarginta da tare wa masu kiwon ƙazanta faɗa, zargin kuma yana rage mata kwarjini. Kar ku bari a yi muku wannan tambarin.

Kafin ɗan siyasa ku fara da malamai, nan Kano ne. Duk ɗan majalisar da za ku gani tambayar da ke ransa ita ce me za a ce da ni a masallacin Juma'a. Ba ku za ku yi fatawa ba, ku je da ladabi ku ce Allah ya gafarta malam a karantar da mu, kuma ku karɓi abin da ya hau kanku. Hadisi ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa lada kullum, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, a mazhabar Malikiyya da muke kai kuma kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi bin umarni ne. Risala da ake karantawa a kowane zaure ta ce an hana cinikin karnuka, an yi saɓani a kan wanda aka yi izinin ajiyewa, wanda kuma ya kashe irin wannan sai ya biya ƙimarsa. Masu sharhi ma na kawo labarin shi mai Risalar, Ibn Abi Zaid, cewa katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa Imamu Malik ya karhanta sai ya ce da Malik ya riski wannan zamanin da zaki zai ajiye. Masu sayar da kwikwiyo su lura, maganar cinikin nan da saɓani a cikinta, kar ku je rediyo kuna cewa halal ne tsantsa, malami ɗaya zai kira waya ya kwance muku zani a kasuwa. In kuka samu limami ko biyu da suka yarda su yi huɗuba kan rigakafi da hana zaluntar dabba, kun yi rabin tafiya.

Sai takardar buƙata. Shafi ɗaya, Hausa a gaba Turanci a baya, ba wanda zai karanta muku shafi goma. Ku buɗe da abin da ya dami jama'a ba abin da ya dame ku ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka, kusan kashi 40 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma in aka yi wa kashi 70 na karnukan wuri allura cutar na yankewa. Daga nan sai ku nuna cewa hani ba ya kawo wannan kashi 70 ɗin, ɓoye kare yake sawa, wanda ya ɓoye kare kuwa ba zai kai shi allura ba. Sannan buƙatun: a hukunta mai kare kan sakacinsa da ɓarnar da karen ya yi, ba don jinsin karen ba. Rajista ta zama mai araha a hannun ofis ɗaya da rasit, ba yau wannan ya zo gobe wancan ba. Karen da ya yi cizo a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin idon likitan dabbobi maimakon a rufe shi da duka a titi, in kuma ya mutu ko an kashe shi a kai kansa gwaji, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yi, ita ce ma ke haɗa allurar karnukan. A hukunta masu jefa guba ta katanga. A tanadi allurar mutane a asibitocin gwamnati don kuɗinta na kayar da talaka. Mafarauta su samu katin shaida da takardar tafiya da hukuma ta sani, duk wanda ya tuna mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyar dawowa gida sallah ya san tafiyarsu ba wasa ba ce. Duk sabuwar doka kuma a ba da wa'adi kafin ta fara aiki. Likitan dabbobi ya duba takardar kafin ta fita, in da hali reshen ƙungiyar likitocin dabbobi na jiha ya sa hannu, ko wani malami daga tsangayar likitan dabbobi ta BUK.

Shi kamun ƙafar kansa daga ƙasa ake farawa, mai unguwa, dagaci, hakimi, kansila. Da ɗan gari akan ci gari. A sakatariya kar ku nace sai ciyaman, ku nemi shugaban sashen noma da jami'in dabbobi, su ne za a ce su rubuto daftari in maganar ta taso, kuma su ba sa sauka in an yi zaɓe. Haka a majalisa, sakataren kwamitin noma ko na lafiya ko na muhalli ya fi muku amfani a kan hoto da kakakin majalisa. Duk takardar da kuka kai ku tafi da kwafi biyu a buga muku hatimi da kwanan wata a ɗaya ku dawo da ita, in ba haka ba wata uku za a ce ba a gani ba.

Ganin ɗan majalisa kuwa mutum uku ko huɗu sun isa, kuma wanda zai yi magana ya zama ɗan mazaɓarsa ne da ya san gidansu. Mu da muka je gidan wani tun bakwai na safe muka tarar da layi, mai takardar asibiti, mai neman kuɗin makaranta, mai katin ɗaurin aure, sai wajen goma aka shiga da mu. Yana ganinmu ya sa hannu a aljihu. Dattijon da ya ja mu ya ce a'a ranka ya daɗe, mu ba karɓa muka zo ba, kawo maka muka yi, ga sunayen mutanenka masu karnuka ga abin da muka ɗora wa kanmu ga abin da muke roƙo. Sai ya cire hannun ya gyara zama ya karanta shafin har ƙasa. Minti goma muka yi. Kar ku roƙi ko kuɗin mota, ranar da kuka karɓa kun koma cikin layin waje. Bayan sati biyu a kira yaronsa a tuna masa, bayan wata a sake, ba tare da gajiya ba kuma ba tare da rashin kunya ba. Kuma don Allah kar wani ya ce zai tafi da kare don a ga yadda yake da horo, an taɓa kawo wannan shawarar a taronmu da gaske.

Ku ware mutum ɗaya mai naci wanda aikinsa kawai sauraron abin da majalisa ke ciki, ya san 'yan jaridar da ke ɗauko rahoto daga can, ya riƙa jin labaran rediyo. Ƙungiyoyin Amurka haka suke yi, kowane kulob da wakilinsa na harkar doka. Ƙudiri yana bin karatu na ɗaya, na biyu, sai kwamiti, a nan ake kiran jin ra'ayin jama'a, sai karatu na uku a kai wa gwamna, shi kuma yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kashi biyu bisa uku na majalisa na iya tabbatar da ita. Wurin da ake iya canja kalma shi ne kwamiti. In ta wuce nan sai ihu bayan hari. Ranar jin ra'ayi ku miƙa matsayarku a rubuce tun kafin ranar, ku cika kujeru da mutane cikin shiga ta mutunci, mai maganar ya zama wanda ba ya fusata ko an ce masa ɗan kare, kar kuma ya ce ba ma son dokar, ya ce muna so, ga gyaran sashe kaza ga yadda muke ganin a rubuta shi. In akwai uban yaron da kare ya taɓa ciza a wurin ku fara jajanta masa a bainar jama'a kafin komai.

Akwai tarko ɗaya da nake so a kiyaye. AKC tana da asusun da take tara kuɗi ta taimaka wa 'yan takarar da ke goyon bayanta, can dokarsu ta yarda. Nan ba haka ba ne, sashe na 221 na tsarin mulki ya hana duk wata ƙungiya da ba jam'iyya ba nema wa ɗan takara ƙuri'a ko zuba kuɗi a jam'iyya ko a kamfen ɗinsa. Kowane mamba na da ƙuri'arsa ya kai inda ya ga dama, za ku iya gayyatar 'yan takara duka ku ji ta bakinsu, amma ƙungiya ba ta ɗaga hannun kowa. Ko ba doka ma hankali ya isa, a siyasar Kano in aka shafa muku launin gida ɗaya to ranar da ɗaya gidan ya hau kun shiga uku. Lokacin zaɓe za a zo muku, musamman saboda kuna da mafarauta da majiya ƙarfi, a ce a ba da yara su raka ayari. Mu masu karnuka ne, kar mu zama karnukan farautar wani. Ranar zuwa majalisa kowa ya bar hular jam'iyyarsa a gida ko wace kala ce. Ambulan kuma babu, ko bayarwa ko karɓa.

Rediyo ta fi komai a garin nan, fili ɗaya a Freedom ko Rahama ko Arewa tare da likitan dabbobi ana amsa waya ya fi fosta dubu. Facebook da TikTok a bar wa samari, karen bana shi ke maganin zomon bana, sai dai a hana su sa bidiyon kare na yagar tsumma a hannun mutum da kiɗa a ƙasa, irin wannan bidiyon ne za a kunna muku a gaban kwamiti.

Ku shirya wa ranar da kare zai yi ɓarna, don za ta zo. A san wa za a kira, mutum biyu su isa wurin kafin labari ya isa rediyo, ɗaya ya bi wanda aka ciza asibiti da kuɗin asusu a hannu, ɗaya ya tsaya da mai karen a gaban mai unguwa ko 'yan sanda da katin allura, likitan ƙungiya ya karɓi karen ya tsare. In mai karen ne da laifi a faɗa a fili.

Sannan ku riƙe 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya da ake yi tun 2007. Bara mun yi ɗan namu a wani fili a unguwa, muka yi karo-karo muka sayo allura a kula da ƙanƙara, likita ɗaya da ɗalibai biyu, kyauta ga duk wanda ya kawo. Mai unguwa ya zauna a kujerar roba a inuwa, kansila ya zo aka ba shi lasifika ya yi jawabi aka ɗauke shi hoto, mafarautan Baba suka zo a a-kori-kura da karnuka fal. Na je har gida na gayyaci dattijon nan da ya ce a rubuta wa ciyaman takarda. Bai zo ba, ya dai aiko jikansa da kyanwa a kwali aka yi mata. Har yau in mun fito daga masallaci sai ya ce min ɗan nan, kare dai ba abin ajiyewa a gida ba ne, in ce haka ne Baba, ya jikin ƙafar.